Za mu kai yara Timia: taswirar waya za ta yi aiki babu sabis?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Daga wani ƙauye nake a gefen Gumel. Bayan girbi za mu kai iyali Agadas wajen ƙanwata, mijinta kuma ya yi wa yara alkawarin kai su Timia su ga lambuna da duwatsu. Babban ɗana ya ce taswirar waya ta ishe mu. To yaya, alhali an ce can babu sabis?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Yaron yana da gaskiyarsa, amma bai ƙarasa ba. Abin da ke nuna inda mutum yake, wato GPS, daga tauraron ɗan Adam yake karɓar saƙo, ba ruwansa da layi ko data. Taswirar ce ke buƙatar intanet. In ba a sauke ta ba, ɗigo shuɗi mai nuna inda kuke kawai za ku gani a kan fili fayau. Don haka tun kuna gida, ko a Damagaram bayan kun tsallaka ta Maigatari, yaron ya sauke taswirar yankin a Google Maps. Ni na fi son manhajar Organic Maps, domin Nijar ɗungurungum ake saukewa. Sannan ya kashe data ya gwada a gabanka.

Inda nake so ku kula shi ne kwazazzaban duwatsun Azbin, inda Timia take. Waya na buƙatar taurarin ɗan Adam aƙalla 4 kafin ta gane wuri, a cikin kwari kuwa duwatsu na tare saƙon, sai ɗigon ya riƙa tsalle. Hanyar yashi ma iska na shafe ta, taswira ba ta da labari. Kada ku fita ba ɗan jagora na garin, kuma ku tambayi surukinku halin tsaron hanya kafin ku ɗaura niyya.

Zafi kuma shi ke kashe batir. Kamfanin Apple ma cewa ya yi kada zafin wurin da ake amfani da waya ya wuce digiri 35. An sha kawo mini waya bayanta ya ɗago kamar burodi, don an bar ta gaban gilashin mota tana caji. A naɗe ta a ƙyalle, a sa a inuwa. Da dare kuma sanyin hunturu na zuƙe caji, sai a kwana da ita cikin aljihu.

Inda babu sabis a danna alamar jirgin sama, don neman sabis na cin batir, GPS kuwa zai ci gaba da aiki. Ku riƙe fawa bank mai 20,000, da leda mai zif saboda ƙura. In yashi ya shiga ramin caji, busasshen buroshin haƙori za a sa, ban da allura.

Layi kuwa, ku sayi na Airtel ko Moov na Nijar, ya fi amfani da layin Najeriya a can arha. Lambar ƙanwarka da ta mijinta a rubuta su a takarda, da +227 a farko, kowane yaro a sa masa ɗaya a aljihu.