Abin da ya sa nake fara duba waya tana kashe

Ɗana,

Saƙonka ya iso, kuma sai da na yi dariya da na karanta. Ka ce ka lura duk lokacin da aka miƙo mini babbar waya in duba, ba na kunna ta nan take. Sai na jujjuya ta a hannu tana kashe, in fita da ita cikin rana, in dawo in saki labule, sannan in nemi wanda ya fi kowa duhun fata a wurin in ɗauke shi hoto. Kana tambaya ko wata al'ada ce ta masu sana'ar hoto, ko kuwa tsufa ne kawai da son ja wa mutane rai. Ka kuma ce kai da abokanka hanyarku ta fi sauƙi: ku duba lambobin jikin kwali, wadda ta fi yawan megafiksel, wato miliyoyin ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto, ita ce gaba.

Al'ada ce, kuma ba ni na ƙago ta ba. Wanda ya koya mini ɗaukar hoto tun zamanin fim ba ya amincewa da kyamara sai ya kai ta inda take shan wuya, domin da hantsi a fili kowace kyamara gwana ce. Da waya ta haɗiye kyamara, sai muka bi ta da wannan ɗabi'ar. Lambobin da kuke karantawa ba ƙarya ba ne, amma an auna su ne a yanayin da ya fi yi wa wayar daɗi. Ni kuwa ina so in san halinta a ranar da ba ta ji daɗi ba, tun da da ita za ka kwana ka tashi shekara uku ko huɗu.

Barinta a kashe da farko dalilinsa ɗaya ne: da zarar fuskar ta kawo haske, ido ya tafi can, hannu ya daina ba ka labari. To hannun nake so ya fara magana. Ina jin nauyinta, ina jin ko nauyin ya taru a sama wajen kyamara har tana neman kifewa daga yatsu, ina jin ko gefenta yana cizon tafin hannu, ko babban yatsa yana kai wa ga maɓallan ba tare da na sake riƙo ba. Sai in ajiye ta a kan tebur in danna kusurwa, in ga ko tudun kyamarar zai sa ta rawa. Ka ɗauki misali: iPhone 14 Pro Max nauyinta giram 240 ne, wadda ta biyo ta a 2023 aka yi mata gefe da titaniyam ta koma giram 221. Giram 19 a takarda ba komai ba ne. Riƙe ta rabin awa kana kwance kana karatu, wuyan hannunka zai gaya maka bambancin.

Kada kuma ka ɗauka manyan kamfanoni ba sa tuntuɓe a ƙira. A 2010 iPhone 4 ta fito da eriyarta a jikin ƙarfen gefe, in ka riƙe ta ta wata kusurwa sai sabis ya ragu, har Apple ya raba wa mutane rigar waya kyauta. A 2014 kuma aka yi ta ƙorafin iPhone 6 Plus tana lanƙwashewa a aljihu, shekara ta gaba suka sauya zuwa alminiyam mai ƙarfi. Duka biyun a hoton talla kyawawa ne, kyan ɗan maciji.

Gilashin jiki kuwa, mutane suna haɗa abu biyu da ba ɗaya ba: jure faɗuwa da jure karce. Akwai ma'aunin taurin abubuwa na Mohs, daga 1 zuwa 10. Gilashin yawancin wayoyi yakan fara karcewa wajen mataki na 6, ƙwayar yashi kuwa tana mataki na 7. Shi ya sa makulli bai cika yi wa fuskar waya komai ba, amma ɗan yashin da ya maƙale a aljihu sai ya zane ta. Haka ma IP68 da suke rubutawa: 6 ɗin na ƙura ne, 8 ɗin na nitsewa a ruwa, kuma kowane kamfani shi ke faɗin zurfin da ya gwada. Samsung yakan ce mita ɗaya da rabi na minti 30, Apple ya ce mita 6 na minti 30 a wayoyinsa na baya-bayan nan. A ruwa mai tsabta, tsayayye, ake gwajin, da sabuwar waya wadda gam ɗinta bai tsufa ba. Kuma in ruwa ya shiga, garanti ba ya biya. Wannan kaɗai ya ishe ka gane yadda su kansu suka ɗauki lambar.

Sai fita rana. Hasken fuskar waya da ma'aunin da ake kira nit ake auna shi, kuma za ka ga an rubuta 2000 ko 2600. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne wannan ƙololuwar a ɗan ƙaramin yanki na fuskar ake samunta, na ɗan lokaci, ba fuskar gaba ɗaya ba. In wayar ta ɗauki zafi kuma, da kanta take rage hasken don ta kare kanta. Saboda haka ba leƙawa nake yi in dawo ba, nakan tsaya minti biyar ko goma ina karanta rubutu, in ga ko za ta dushe. Ina kuma duba yawan fuskata da nake gani a gilashin, domin wanda ke mayar da hasken rana kamar madubi yana cinye rabin amfanin hasken da ake taƙama da shi. Galaxy S24 Ultra ta 2024 an yaba mata a kan wannan, saboda gilashin kamfanin Corning da aka sa mata mai rage ƙyalli. A wurina wannan ya fi ƙarin nit ɗari biyar amfani.

Sakin labule kuma don akasin haka ne. Manyan wayoyin yanzu kusan duk OLED ne, wato kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, in an zo baƙi sai ya mutu gaba ɗaya, shi ya sa baƙinsu yake baƙi ƙirin. Amma da yawansu in ka rage haske, ba ragewa suke yi da gaske ba, kunnawa da kashewa suke yi sau ɗaruruwa a sakan guda. Ido ba ya kamawa, amma wasu mutane kansu yana ciwo ko idonsu ya gaji. Gwajin mai sauƙi ne: ka rage hasken, ka ɗauki bidiyon fuskar da wata wayar a tsarin nan mai tafiyar hawainiya, in ka ga baƙaƙen layuka suna wucewa to ga shi nan. Ina kuma buɗe hoto mai ruwan toka a mafi ƙarancin haske in ga ko wani gefe ya karkata zuwa kore ko ja. Sannan in shiga saiti in cire launin nan mai ƙyalƙyali da wasu ke zuwa da shi, in mayar da shi na asali, don kada a yi mini kwalliya a ido.

Yawan ɗigo a fuska ba na ɓata lokaci a kansa. Tun 2010 da iPhone 4 ta kai ɗigo 326 a kowane inci ido ya fara kasa rarrabe su, manyan wayoyin yau kuwa sun haura 450. Sabunta hoto sau 120 a sakan maimakon 60, wannan kam ana jinsa a yatsa, sai dai ka tabbata tana iya saukowa ƙasa sosai in ba abin da ke motsi, in ba haka ba batir ne zai biya.

To, ga inda nake so ka zauna da kyau, maganar megafiksel ɗinku. Kyamara haske take kamawa, kuma abin da ke kama shi ɗan faranti ne a bayan gilashin, wanda ake kira sensa. Ka ɗauke shi kamar fili da aka jera ƙoƙuna ana tarar ruwan sama. In filin bai ƙaru ba ka ninka yawan ƙoƙunan, dole kowanne ya ƙanƙance, ruwan da aka tara kuma bai ƙaru ba. Kamfanonin sun fi kowa sanin haka. Shi ya sa wayar da aka rubuta mata megafiksel 200, kamar Galaxy S23 Ultra, in ba ka sauya saiti ba takan haɗe ɗigo 16 su zama ɗaya ta ba ka hoto mai kusan megafiksel 12. Dabarar ma ba sabuwa ba ce: Nokia 808 ta 2012 tana da 41, amma hoton da aka tsara ta fi fitarwa mai 5 ne ko 8. Apple kuwa ya zauna a kan 12 tun daga 2015 har 2022, kuma ba wanda ya ce hotunansa sun tsaya cik a tsawon shekarun nan. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Girman farantin ya fi cancanta ka tambaya, amma shi ma da ɗan wayo a sunansa. Wanda suke kira mai inci ɗaya, irin na Sony da aka sa a Xiaomi 12S Ultra a 2022, daga kusurwa zuwa kusurwa kimanin milimita 16 ne, alhali inci milimita 25.4 ne. Sunan gado ne daga bututun kyamarorin talabijin na da. Duk da haka a waya babba ne ƙwarai. Lambar nan mai f a gaba kuma, wadda ke nuna buɗewar idon kyamara, a juye ake karanta ta: f/1.7 ta fi f/2.4 buɗewa, ta fi shigar da haske.

Abin da ya fi sauya sana'armu shi ne yanzu waya ba hoto ɗaya take ɗauka ba. Kana dannawa ta ɗauki da yawa a jere, ta haɗa su, ta goge, ta ƙara. Google ya nuna ƙarfin wannan a 2018 da tsarinsa na hoton dare a wayoyin Pixel. Yana aiki ƙwarai, muddin abin da kake ɗauka ya tsaya cak. Gini ba ya motsi, shi ya sa hotunan talla na dare gine-gine ne da fitilu. Ni kuwa yaro nake nema mai wasa a ɗaki mai fitila ɗaya, in danna sau goma, in ƙirga nawa ne fuskarsa ta fito sarai, kuma ko hoton ya kama lokacin da na danna ko sai da abin ya wuce. Nan manyan wayoyi suke rabuwa da juna, kuma ba lambar da ke jikin kwali da za ta gaya maka.

Neman mai duhun fata kuwa, wannan tsohon ciwo ne. Tun shekarun 1950 Kodak yake raba wa masu wanke hoto wani kati da suke daidaita launin injinansu da shi, hoton Baturiya ne a jiki. Shekaru da dama da farar fata ake auna daidai, mu da muka yi aiki da fim mun sha fama kafin mu fito da fuskar baƙin mutum yadda take, musamman in yana sanye da fararen kaya. Wayoyi sun gaji wani abu na wannan, har sai da Google ya fito a 2021 da Pixel 6 yana tallar cewa ya gyara yadda kyamararsa ke ganin fata mai duhu. Saboda haka nakan tsayar da mutum taga tana bayansa, in ga abin da wayar za ta yi. Wata sai ta bar fuskar a duhu, wata ta haskaka ta har ta koma ruwan toka, wata kuma ta shafe ta sumul kamar an yi ta da roba, ba ramin gashi ba layin murmushi. Wadda ta bar mutum da launinsa da shekarunsa, ita nake girmamawa. In da hali nakan tsayar da mutum biyu, fari da baƙi, a hoto ɗaya, domin nan ne dole ta nuna wanda ta fifita.

Jawo abu kusa ma sai ka lura. Akwai na gaske, wanda gilashi ke yi, kamar ninki 5 da Huawei P30 Pro ta zo da shi a 2019, inda aka kwantar da gilasan a cikin jikin wayar ana karkato musu haske. Ninki 100 da kake gani a talla kuwa yankan hoto ne da cikon kwamfuta. A watan Maris na 2023 wani ya dusar da hoton farin wata da gangan, ya sa a fuskar kwamfuta, ya ɗauka da wayar Samsung, sai ga ramukan wata sun fito waɗanda babu su a abin da ya ɗauka. Kamfanin ya bayyana cewa manhajarsa tana gane wata ta ƙara masa fitowa. Ban ce laifi ba ne, amma ya kamata mai waya ya san wane ɓangare kyamara ta gani, wane kuma aka zana masa. Ga wata 'yar dabara: a wuri mai ƙarancin haske ka zaɓi ninki 3 ko 5, ka rufe idon kyamarar nesa da yatsa. In hoton bai toshe ba, to babbar kyamarar ce take yankowa tana ba ka da sunan waccan.

Abu na ƙarshe da ba ka gani ba, domin sai kun tafi nake yinsa: ba na yanke wa hoto hukunci a fuskar wayar da ta ɗauke shi. Ita da fuskarta bakinsu ɗaya. Sai na tura shi kwamfuta ko wata wayar, in buɗe shi da girma, in duba gashi, da saƙar tufafi, da ganyen bishiya, da kusurwoyin hoton inda gilashi ke fara gazawa.

Wadda ka ce kana so ka saya, kada ka biya tukuna in akwai yadda za ka samu aron irinta na yini ɗaya. Ka zo da ita da yamma rana ba ta faɗi ba, mu sami hasken waje da na ɗaki duka. Ka taho da ƙanwarka ƙarama, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya, ita za mu ɗauka. Ka gaishe mini da mahaifiyarka.

Kawunka