Gwiwa ta hana ni zuwa gona, in yarda a yi mini aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 63, tsohon malamin makaranta ne ni a garin Bauchi, ina da 'yar gona a hanyar Dass. Shekara huɗu ke nan gwiwata ta dama tana ciwo, har ƙafar ta fara yin baka. An ɗauki hoto, an ce guringuntsi ya cinye, sai an yi aikin sauya gwiwa. Kullum sai na sha diclofenac. In an yi aikin, zan iya sujada? Zan koma gona? 'Ya'yana sun ce in haƙura in zauna a gida in huta.

Amsa: Wa alaikumus salam Baba, Allah Ya ƙara sauƙi. Bari in fara da shawarar yaran, don ita ta fi tsaya mini a rai. Tausayi ne ya sa suka faɗa, amma zaman gida ba zai taimaki wannan gwiwa ba. Naman gaban cinya shi ke riƙe gwiwa, shi ke tare nauyi kafin ya sauka a kan ƙashi. Makonni kaɗan na zama sun isa ya fara zubewa, idan ya zube ciwo ya ƙaru, idan ciwo ya ƙaru mutum ya ƙara zama. Na sha ganin dattawan da ciwon bai kwantar da su ba, hutun ne ya kwantar da su.

Hoto kuma shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Akwai mai hoto mummuna da yake zuwa Kasuwar Muda Lawal da ƙafarsa, akwai wanda hotonsa da dama-dama amma ba ya barci. Abin da muke tambaya shi ne: ciwon yana tashin ka da dare? Ya hana ka takawa zuwa masallacin unguwa? Ka yi wata uku zuwa shida kana motsa jiki yadda aka koya maka amma ba sauƙi? In amsar duka e ce, lokacin aiki ya yi. In kuwa ba ka taɓa zuwa sashen gashin ƙashi ba, can za ka fara, kuma akwai shi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa nan Bauchi.

Kafin ka je, ga abin da za ka soma yau. Zauna a kujera, miƙe ƙafar sambal, ka ƙirga goma, ka sauke a hankali. Yi sau goma, safe da yamma. Sannan ka tashi tsaye daga kujerar ka koma ka zauna ba tare da dafa komai ba, gwargwadon iyawarka. Keke ma aboki ne, don yana motsa gwiwa ba tare da ɗora mata nauyin jiki ba. In akwai ƙiba, kowane kilo ɗaya da ka rage yana sauke wa gwiwa kusan kilo huɗu a kowane taku. Ɗan ciwon da ya lafa kafin washegari ba abin tsoro ba ne. Wanda ya kwana ya wuni da kumburi, alama ce ka rage.

Gona dai ka ci gaba da zuwa, sai dai a canza salon aikin. Duƙe da fartanya da ɗaukar buhu ka bar wa matasa, kai ka zama mai zagaye da duba aiki. Bi ta kan hanya ko gefen gona, kada ka riƙa tsallaka kunya, don murɗewar nan ita gwiwa ta fi ƙi. Sa takalmi mai rufi, ka ajiye silifa. Sanda kuwa a hannun hagu za ka riƙe tunda dama ke ciwo. Mutane da yawa suna riƙewa ta ɓangaren ciwon, shi ya sa ba su ganin amfaninta. Wajen hawa tudu ko matakala ƙafa mai lafiya ke fara hawa, wajen sauka mai ciwo ke fara sauka. In da babur kake zuwa, wani ya buga maka shi, don da ƙafar dama ake bugawa. A gida ma masai na tsuguno yana cin gwiwa, kafinta zai iya haɗa maka kujera mai rami.

Diclofenac na kullum ya tayar mini da hankali. A shekarunka yana iya jawo gyambon ciki da zubar jini, ya taɓa ƙoda, ya ɗaga hawan jini. Ka je a gwada ƙodarka, ka nemi likita ya duba ko na shafawa da farasitamol za su wadatar. Haɗe-haɗen ƙwayoyin kemis ka rabu da su, sau da yawa akwai dexamethasone a ciki, wani magani mai ƙarfi da ke yin illa in an daɗe ana sha. Tsaga ko sakiya a kan gwiwa kuma ƙofa ce ga ƙwayoyin cuta.

Shi aikin, ba a cire gwiwa ɗungurungum. Saman ƙasusuwan da suka lalace ake sassaƙewa, a lulluɓe da ƙarfe, a sa roba mai ƙarfi a tsakani, ƙafar da ta yi baka ta miƙe. Ranar ko washegari ake tayar da mutum ya taka. Wajen mako shida yawanci suna tafiya da sanda ko ba sanda, wata uku an koma yawancin harkoki, cikakken sauƙi kan kai shekara. Kusan takwas cikin goma na irin wannan gwiwa suna kai shekara 25, amma kusan mutum ɗaya cikin biyar yakan rage da wani ciwo, kuma haƙƙinka ne ka san haka. Wanda ya shiga tiyata da ƙarfin cinya shi ya fi saurin miƙewa. Dole a daidaita suga da hawan jini, a kuma warkar da duk wani gyambo ko ruɓaɓɓen haƙori tukuna.

Maganar sujada, ba zan ɓoye maka ba: gwiwar da aka sauya tana lanƙwasuwa yadda za ka zauna a kujera, ka hau matakala, ka zagaya gonarka, amma zaman tahiya a ƙasa yana buƙatar lanƙwasawa fiye da haka, kuma da yawa ba sa samun sa. Ka shirya wa salla a kujera. Hadisin Imrana ɗan Husaini a Bukhari ya ce mutum ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune. Malaminka zai nuna maka yadda ake ishara.

Idan gwiwar ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi da zazzaɓi, ko bayan aiki sha-raɓa ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, a ranar za a kai ka asibiti, ko da tsakar dare ne.