Tambaya da Amsa: Wane Kamfani Zan Ba Ajiyar Shafin Shagona?

Tambaya: Ina sayar da shadda da atamfa a Agege, kuma ina so in buɗe wa shagona shafin intanet. Kamfanin gida zan ba ajiyar shafin, wato ya adana shi a kwamfutocinsa domin mutane su riƙa ganinsa a intanet, ko na ƙasar waje? Daga wani mai karatu a Legas.

Amsa: Malam, tunda masu sayen kayanka a Najeriya suke, kamfanin gida da ke karɓar naira ya fi dacewa da kai, domin na waje galibi da dala ake biyansu, kuma duk lokacin da darajar naira ta faɗi, kuɗin sabuntawa zai ƙaru. Kada farashin shekarar farko ya ruɗe ka, sau da yawa rangwame ne, don haka ka tambayi abin da za ka biya a shekara ta biyu. Ka tabbatar suna ajiye kwafin shafin kullum, kuma suna ba da shaidar tsaro ta SSL, wadda ke kare bayanan da ke wucewa tsakanin shafin da masu ziyartarsa.

Wani abin da ke jefa 'yan kasuwa cikin rigima shi ne mallakar sunan shafin, wato adireshinsa na intanet. Idan za ka ɗauki mai ƙarewa da .com.ng, wanda NiRA, ƙungiyar rajistar sunayen intanet ta Najeriya, ke kula da shi, a yi rajistarsa da sunanka da imel ɗinka, ko da wani ne ya gina maka shafin.