Amsa ga Hajiyar da ɗanta ɗan kokawa yake son sauya jami'a

Wa alaikumus salam Hajiya. Tun da asuba na ga tambayarki, na bari sai na taso daga aiki in zauna in amsa miki a tsanake, domin abin da ya same ki ya taɓa samun gidana. Kin ce yaronki yana shekarar farko a wata jami'a ta rukuni na ɗaya, wato matakin ƙoli a wasannin jami'o'i, a nan Amurka, ana biya masa kashi 30 cikin ɗari na kuɗin makaranta saboda kokawa, kakar wasa ta ƙare koci bai fito da shi gasa ko sau ɗaya ba, yanzu ya kafe sai ya bar makarantar. Kina son ki san ko tallafin zai bi shi.

Ba zai bi shi ba, Hajiya. Kuɗin nan na makarantar ne, ba na yaron ba, kuma duk inda ya je sabon ciniki za a yi daga tushe. Don Allah kada ya sa sunansa a fotal, wato rajistar masu neman sauyi ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in Amurka, sai kun gama lissafin da zan faɗa miki.

Kashi 30 ɗin nan kada ki raina shi. Shekara da shekaru dokar NCAA ita ce ƙungiyar kokawa a rukuni na ɗaya ba ta wuce kuɗin cikakken tallafin mutum 9.9, alhali ajin nauyi goma ne, daga laba 125 zuwa 285, kuma yaran da ke ɗakin atisaye sukan kai talatin ko fiye. Sai koci ya yanka shi gunduwa-gunduwa kamar naman layya: wannan rabi, wancan kwata, wani kuɗin littattafai kawai, da yawa kuma ko sisi. A watan Yunin 2025 wata alƙaliya, Claudia Wilken, ta amince da sulhun shari'ar da ake kira House, aka cire wannan iyaka ga makarantun da suka shiga tsarin, aka maye gurbinta da iyakar yawan 'yan wasa, mutum 30 a kokawa. A takarda, makaranta tana iya biya wa duka talatin ɗin. A zahiri, mafi yawan kuɗin wasanni ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando yake tafiya, kuma makarantu masu kokawa a rukuni na ɗaya kimanin 80 ne kacal a duk faɗin ƙasar. Gurbi ya ƙara tsada ke nan, bai yi araha ba.

Fita kam ta yi sauƙi yanzu. An buɗe fotal a Oktoban 2018, kuma tun Afrilun 2024 yaro yana iya sauya makaranta sau nawa ya ga dama, ya shiga gasa nan take, muddin karatunsa na kan hanya. Ba sai koci ya yarda ba. Ofishin kula da bin ƙa'ida kawai zai sanar, su shigar da sunansa a cikin 'yan makonnin da ake warewa a ƙarshen kaka, wajen Maris zuwa Afrilu. Abin da yara ba sa ji shi ne ɗaya gefen dokar. Muddin yana zaune a makarantarsa, a rukuni na ɗaya ba a yarda a rage masa tallafi don ya ji rauni ko don ba ya cin wasa ba. Amma ranar da sunansa ya shiga fotal, makarantar ta sami damar yanke kuɗin da zarar zangon karatun ya ƙare, kuma ba dole ba ne koci ya sake karɓarsa in ya fasa.

Nawa yaron a laba 157 yake kokawa, wajen kilo 71. Ya tarar da wani babba a gabansa wanda ya fi shi ƙarfi da wayo, ya shekara biyu yana zama abokin atisaye. Ina tuna hutun da ya zo gida, kunnensa na dama ya kumbura ya yi tauri saboda gugar tabarma, mahaifiyarsa ta zuba masa tuwo da miyar kuka, ya ci loma uku ya ture kwanon wai yana tsoron sikeli. Ya kalle ni ya ce, "Baba, yunwar nan da nake sha, wa nake yi wa?" Wallahi maganar ta shige ni. Na ce masa ya yi abin da ya ga ya fi, ban tambayi kowa ba, ban karanta ko layi ɗaya na takardar da muka sa wa hannu ba. Wannan laifina ne, kuma har yau yana damuna.

Ya shiga fotal a bazarar 2022. Mako na farko waya ta yi ƙara sau biyu, daga nan shiru. Kafin wata ya cika wasiƙa ta zo cewa tallafinsa ya ƙare da ƙarshen zango. Daga baya ya sami makaranta a rukuni na biyu, kocin mutumin kirki, ya ba shi kaso da ya fi na da a baki. Sai da muka zauna a teburin kicin da kalkuleta muka ga cewa makarantar a wata jiha take, kuɗin ɗan wata jiha kuma ya kusa ninka na ɗan gida, saboda haka abin da zai fita daga aljihuna ya ƙaru ne, bai ragu ba. Shi ya sa nake ce wa kowa ya daina tambayar kashi nawa, ya tambayi dala nawa za ta rage a kansa a shekara, har da ɗaki da abinci da inshorar lafiya.

Babbar asarar ma ba nan take ba. Sabuwar makarantar ta ƙi lissafa wasu darussan da ya riga ya ci a cikin digirinsa, sai da ya ƙara zango guda bayan damar kokawarsa ta ƙare, mu muka biya shi cif. A rukuni na ɗaya abin ya fi tsanani, domin ana so yaro ya kammala kashi 40 na digirinsa kafin ya shiga shekara ta uku, 60 kafin ta huɗu, 80 kafin ta biyar. In darussansa suka zube a hanya, yana iya isa sabuwar makaranta a ce bai cancanci shiga gasa ba.

Akwai abu ɗaya a maganarki da ya tsaya mini: kin ce shekarar farko ce. Ki tambaye shi ko jar riga aka sa masa, wato an jingine shi daga wakiltar makaranta na shekara guda. Dokar da aka daɗe a kanta ita ce shekara biyar don yin kaka huɗu, kuma a kokawa al'ada ce a ajiye sabon shiga shekara guda ya yi ƙwari, yana zuwa buɗaɗɗun gasanni da sunan kansa, ba tare da ya ƙona kaka ba. Cael Sanderson da ya yi wasa 159 a Iowa State ba a kayar da shi ko sau ɗaya ba, wanda yanzu yake horar da Penn State, shi ma da jar riga ya fara. In haka ne, ba wulaƙanta yaronki aka yi ba, tanadinsa ake yi.

Ba ina cewa sauyi ba shi da amfani ba ne. Kamaru Usman, haifaffen Auchi a jihar Edo, a William Penn ta jihar Ayowa ya fara, ya koma Nebraska-Kearney a rukuni na biyu, ya ci kambun ƙasa a 2010 a laba 174, tun kafin duniya ta san shi a gasar faɗa ta UFC. Wyatt Hendrickson ya bar makarantar sojan sama ya koma Oklahoma State, a Maris ɗin 2025 ya kayar da Gable Steveson, mai zinaren Olamfik, da ci 5 da 4 a wasan ƙarshe a Filadelfiya. Amma irin su Hendrickson kafin su motsa kowa ya san su. Yaron da bai taka tabarmar gasa ba, me zai nuna wa sabon koci? Sauka zuwa rukuni na biyu kuwa ba abin kunya ba ne, nawa a can ya sami kakar wasa biyu yana wakiltar makarantarsa, fuskarsa ta dawo. Ki dai sani rukuni na uku ba ya ba da tallafin wasa sam, haka ma rukunin fitattun jami'o'in da ake kira Ivy irin su Cornell, sai dai tallafi bisa ƙarfin aljihun iyaye, a rukuni na uku kuma har da na ƙwazon karatu.

Da ni ne ke, zan sa shi ya shiga ofishin koci ya tambaye shi gaba da gaba: wa ke gabana a nauyina badi, wa kuka ɗauko sabo, kuna ganin in hau ko in sauka aji? Sannan ke da kanki ki nemi kwafin yarjejeniyar tallafin ki duba ta shekara ɗaya ce ko ta shekaru, ki jira sanarwar sabuntawa da dole su aiko a rubuce kafin 1 ga Yuli. Kocin wata makaranta ba shi da izinin magana da shi kafin ya shiga fotal, amma ba abin da ya hana ku kiran ofishin rajistar makarantar da yake sha'awa, ku tambayi darussa nawa za su karɓa daga sakamakonsa. In kuma da bizar ɗalibi ta F-1 yake, ku fara da ofishin ɗaliban waje, domin sai an mayar da bayanansa an ba shi sabuwar takardar I-20, wadda makaranta ke bai wa ɗalibin waje.

In kin samo yarjejeniyar, ki rufe sunansa da na makarantar ki turo mini ta akwatin saƙo, in sha Allahu zan duba miki ita a ƙarshen mako. Allah ya yi masa zaɓin alheri, ya ba shi lafiya.