Amsar Gwaggo kan arba'in ɗin Kaka

Ɗiyata, na ga saƙonki tun jiya da dare, sai da ƙanenki ya ƙara mani girman rubutun kafin na iya karantawa. Ina gajiya, ina Yamai, ina zafi? Wai kina tambaya ko za mu yi ma Kaka sadakar arba'in, don ƙawarki ta wurin aiki ta ce maki in ba a yi ba kurwarta ba ta samun wurin zama sai dai ta yi ta yawo, ke kuma tun ranar da wuta kunne kike kwana. Na yi dariya har cikina ya yi ciwo. Kaka da gwiwa ta hana ta kaiwa ko ƙofar gida shekara da shekaru, ita ce za ta taso daga Tawa har Yamai don ta tsorata ki? Da wane kuɗin mota? Amma da na kwanta abin ya tsaya mani a rai, don ke cikin majami'a kika girma, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da ke kan wannan magana, laifinmu ne mu manya.

Ba ki san kawunki Auta ba, ko hotonsa babu. A 1985 ne, wajen ƙarshen yunwar nan da mutane sunka sa ma suna El Buhari, don a lokacin Najeriya ta rufe iyaka hatsi ya daina shigowa. Muna ƙauye gabas da Galmi, Baba yana aikin bishara tun fitowarsa makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tsibiri, Kiristan garin duka ba mu wuce gida uku ba. Ƙyanda ta shigo, ga yunwa, yara sunka riƙa faɗuwa. Da ta kama Auta anka ɗora shi kan amalanken jaki da asuba za a kai shi asibitin Galmi, ni ce na riƙe kansa bisa cinyata, ba mu ma kai kwalta ba ya cika. Mai jakin bai ce komi ba, ya dai cire hularsa ya juya jaki.

Muna isa gida Inna, Kakar taki kenan, ta faɗi ƙasa tana birgima tana kiran sunansa. Mu kuma damuwarmu wa zai haƙa kabari, maza biyu ne kawai garemu masu ƙarfi, ƙasa ta bushe ƙamas, ga jiki babu abinci. Sai ga 'ya'yan liman da digarsu da shebur, ba wanda ya aike su, sunka bi Baba har gefen gonarsa sunka yi ta sara, digar tana tsalle kamar za ta dawo masu a goshi, sai wajen azahar anka gama. Wata tsohuwa makwabciyarmu, don tausayi ta faɗa ba don komi ba, ta dafa Inna ta ce ki yi shiru, hawayenki na ƙona yaron. Baba ya juyo ya ce a'a Iya, ku bar ta ta yi kukanta, Yesu ma ya yi kuka bakin kabarin Li'azaru a Betanya alhali ya san yanzun nan zai kira shi ya fito. Ya buɗe Yohanna sura 11 zai karanta inda Ubangiji ya ce ma Marta shi ne tashin matattu shi ne kuma rai, ya fara, muryarsa ta maƙale. Ya sake farawa ta sake maƙalewa. Mutumin da ke wa'azi a kasuwa ba ya ko ƙifta ido! Kowa ya sunkuyar da kai. Kin san wa ya ɗaga waƙa? Inna. Tana zaune cikin ƙura, zane duk ya kwance, majina da hawaye, ta ja waƙar tashin Almasihu wadda muke yi da asubar Ista, munka amsa mata mu 'yan kaɗan ɗin nan, masu haƙa kabari na tsaye da digarsu suna kallonmu.

Bayan 'yan kwanaki Baba ya tono tulun irin gero da Inna ta ɓoye ƙarƙashin gado, irin da duk tsananin yunwar nan ba ta bari an taɓa ba, munka fita shukar binne, ko gajimare babu a sama. Ina bin sa a baya ina rufe rami da diddige, na ce Baba yanzu in ruwa bai zo ba fa, ga shi mun zubar da na ci. Ya ce wanda ya sa irinsa cikin busasshiyar ƙasa ba mahaukaci ba ne, ya san Mai ruwa. Ya nuna gefen gona da haɓa ya ce shi ma wancan shuka ne, ki je ki karanta 1 Korantiyawa 15. Inna kuma abin da take yawan cewa shi ne, wanda ya riga ka kwana ba ɓata ya yi ba. Har ta tsufa ba ta daina kukan Auta ba, duk shekara in ƙyanda ta shigo sai ta yi, amma ban taɓa ganin ta ji tsoron gefen gonar nan ba, can ma take zuwa tsinkar yakuwa.

To ku yanzu fa? Na zo jana'iza Yamai bara na dawo da ciwon kai. Gawa na ajiye cikin sanyi ana jiran ɗinkin anko, riguna da hoton mamaci a ƙirji, hayar kujeru da rumfa da na'urar sauti, kowa ya ɗaga waya sama yana ɗauka don Facebook, in anka ja waƙa sai an nemo ta cikin waya don ba wanda ya haddace. Washegari kowa ya watse a bar matar ita kaɗai da bashi. Mu da, 'yan zumuntar mata kwana suke yi da ita, su share gida su daka su ɗebo ruwa. Bulus bai ce ma Tasalonikawa kada su yi baƙin ciki ba, cewa ya yi kada su yi shi irin na waɗanda ba su da bege, ku kuma kun rage kukan kun ƙara tsoron.

Maganar arba'in ɗin kuwa, ko cikin 'yan'uwanmu Musulmi ba duka ke yi ba, 'yan Izala cewa suke bidi'a ce, kuma ban taɓa jin malamin kirki ya ce kurwa na yawo ba, wannan zancen zaure ne. 'Yan Katolika suna yi ma mamatansu addu'a, suna zuwa kaburbura ranar 2 ga Nuwamba, mu a ekilisiyarmu ba mu gaji haka ba, Baba cewa yake wanda ke hannun Almasihu ba ya jiran masarmu. Arba'in ɗin da ni na sani, kwanakin da Ubangiji ya yi yana bayyana ga almajiransa bayan tashinsa. Sai dai dangin Inna na Bouza Musulmi ne, sun ce za su zo, kuma jikokin masu digar nan ma za su zo, ni ba zan iya rufe masu ƙofa ba ko na bar su da yunwa. Ko mi za a kira taron, bari kawunki ya dawo daga Ƙonni mu zauna da fasto. Ke dai ki kashe wutar nan kuɗin kuran na da tsada, in tsoron ya ƙi ki kira ni ko ƙarfe nawa ne, ba barci nike ba. In za ki zo ki taho mani da man shafawa na gwiwa, irin na wancan karon.