Ku Tambaya Mu Amsa: Wane ne wannan sarber da ke faɗuwa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ƴar kasuwa ce a Tawa. Na je gishe, wato wurin karɓar kuɗin da aka turo, in karɓi jika hamsin da ɗana ya turo daga Yamai, yaron wurin ya ce sarber ya faɗi, in dawo bayan la'asar. Shi kuwa ɗan nawa aikin sarber yake yi a wani gidan abinci a unguwar Filato. Mene ne haɗinsu? Ko dai yaron ya raina mini hankali ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya yi wa kasuwa albarka. Yaron bai raina ki ba. Kalmar ta Faransanci ce, kuma aikin ɗanki shi ne asalinta: baƙo ya zauna ya faɗi abin da yake so, shi ya shiga ciki ya kawo. Masana kwamfuta suka ɗauki sunan suka ba injin da aikinsa ke nan dare da rana, a roƙe shi bayani ya miƙo. A wasu wayoyin da aka juya zuwa Hausa za ki ga an rubuta uwar garke, shi ake nufi.

Kuɗinki ba ya cikin kwamfutar da ke gaban yaron. Lissafin yana can wani ɗaki mai sanyi, wataƙila a Yamai, wataƙila a wata ƙasa, inda aka jera injuna marasa allo cikin akwatunan ƙarfe, da janareto a gefe saboda yankewar wuta. Idan yaron ya buga lambarki, tambaya ce ya aika can: an turo wa wannan baiwar Allah jika hamsin? Muddin amsa ba ta dawo ba, ba shi da ikon buɗe aljihun tebur, don in ya biya aka samu kuskure, shi za a ɗora wa laifi. Shi ya sa ba na jin daɗin yadda ake zazzaga wa yaran nan faɗa a layi.

Faɗuwar tana da dalilai. Jama'a kan yi wa injin yawa, kamar ƙarshen wata ko jajibirin salla, ko ma'aikata su tsayar da shi don gyara. Wani lokaci kuma lafiyarsa lau, hanyar ce ta katse, abin da muke cewa babu rezo. Nijar ba ta da teku, intanet ɗinmu yana biyo wayoyin ƙasashen maƙwabta, su kuma daga ƙarƙashin ruwa. A watan Maris na 2024 wayoyi da dama sun lalace a teku daura da Kodebuwa, ƙasashen yankinmu suka sha wuya. Manya ma ba su tsira ba: ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram sun yi kusan awa shida shiru a duk duniya.

Kina iya ganin aikin sarber a wayarki. Idan kin aika saƙo ta WhatsApp, alama ɗaya tana nuna ya isa sarber, ta biyu ta fito idan ya miƙa shi ga wayar mai shi.

Abin da na fi so ki riƙe, Hajiya: ki gaya wa ɗanki kada ya sake turawa don an ce sarber ya faɗi, kuɗin farko yana nan a rubuce. Ya adana rasit, ke kuma ki riƙe lambar sirrin karɓar kuɗin, kada ki bar wa kowa ita a gishe da sunan zai karɓar miki in injin ya tashi. Ki koma da kanki, da katin shaidarki a hannu.