Amsa: Me ya sa kotu ta sallami Zimmerman?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko dokar kare kai ta Stand Your Ground ce ta kuɓutar da George Zimmerman bayan ya harbe Trayvon Martin, yaro baƙar fata ɗan shekara 17 da babu makami a hannunsa, a Sanford ta jihar Florida a Amurka ranar 26 ga Fabrairu, 2012. E da a'a.

Dokar ta 2005 ta ɗauke wa mutum wajibcin gudu kafin ya kare kansa. Amma lauyoyin Zimmerman ba su nemi zaman kotu na musamman da ake yi a ƙarƙashin dokar don neman a kori ƙara tun kafin shari'a ba. Cewa suka yi Martin ya danne shi a ƙasa yana dukansa, to ina hanyar gudu? Sai dai alƙaliyar ta karanta wa masu taya ta hukunci, mata shida, lafazin dokar.

Inda gizo ke saƙar shi ne nauyin hujja. Masu gabatar da ƙara ne za su rushe da'awar kare kai har babu sauran kokwanto. Babu wanda ya ga farkon faɗan. Ihun da aka ji a wayar 911, lambar kiran gaggawa, kuwa, dangin Martin da na Zimmerman kowanne ya ce muryar ɗansu ce. Ga raunuka a hanci da ƙeyar Zimmerman. Ranar 13 ga Yuli, 2013 aka wanke shi.

Abin da ya harzuƙa baƙar fata: shi ya bi yaron, duk da mai amsa wayar 'yan sanda ya ce ba sai ya bi ba, kuma sai da aka kwana 45 kafin a kama shi. A ganina wannan jinkirin ya fi hukuncin wuyar karewa.